Kwana Biyu a Bakin Tekun Badagry

Shekara 19 ke nan ina zaune a Agege. 'Ya'yana uku duk a nan aka yanke musu cibiya, amma har watan Afrilun da ya wuce babu wanda ya taɓa tsoma ƙafa a teku a cikinsu. Ruwan da suke leƙawa ta tagar mota idan mun hau gadar Third Mainland ba shi ne tekun ba, tafkin da ya kwanta a tsakiyar Legas ne. Mu 'yan arewa mazauna nan haka rayuwarmu take, daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, in an sami hutu kuma a nufi tasha a tafi gida.

Inna ce ta tayar da maganar. Ta zo daga Funtua a duba mata ido, ta yi azumi tare da mu. Kwana uku bayan ƙaramar Sallah muna zaune a tsakar gida ta ce, "Yanzu haka zan koma ban ga ruwan nan na Ikko da ake cewa ba a hango tsallakensa ba?" Na ce, "In sha Allahu za ki gani, Inna."

Ban so mu je mu dawo a wuni ɗaya ba, domin cunkoso zai cinye rabin wunin, mu isa rana ta take, mu juyo a gajiye. So nake ta ga fitowar rana da faɗuwarta a bakin ruwan. Otal kuwa, mu shida sai ɗaki biyu ko uku, kuma yawancin na bakin teku kwana ake ana kiɗa. Ina da Sienna da nake kai wa gidajen abinci kayan gwari daga kasuwar Mile 12. Tunda akwai mota, sai na ce tanti za mu saya.

Na farko a waya na gan shi, an rubuta na mutum 6 ne. Na ƙirga mu shida cif, na tura kuɗi aka kawo. Da muka kafa shi a tsakar gida sai ga shi kamar an kifa ƙwarya, tsakiyarsa iya ƙirjina, gefensa kuwa sai da rarrafe. Muka shimfiɗa katifar Inna da tabarma biyu, wuri ya ƙare. Uwargida ta duƙa ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Abban yara, a ina Inna za ta tsaya ta yi sallah? Mu kuma a ina za mu sauya kaya?" Tambayoyin nan biyu su suka zame mini ma'auni tun daga ranar. Na mayar wa mai shi, ya cire kuɗin kawowa ya ba ni sauran.

Lambar da ke jikin jakar tanti ba ƙarya ba ce, amma ba irin lissafinmu ba ne. Masu yin su suna ba kowane mutum wurin kwanciya da bai kai faɗin ƙafa biyu ba sosai, a jera mutane kamar rake, wani lokacin kan wannan a ƙafar wancan, babu jaka, babu buta, babu wurin juyawa. Wannan ya dace da matasan da ke goya tanti a baya su hau dutse, su kowane kilo damuwa ne. Wanda mota za ta kai masa kayansa har inda zai kafa ba ruwansa da nauyi. Su kansu masu sayarwa sukan ce a ƙara mutum biyu a kan yawan iyali. Ni abin da na gani, iyali irin namu mai tsohuwa da budurwa da yaro ɗan shekara 11, sai an kusa ninka lambar.

Karo na biyu da ƙafata na je. Na ɗauki tef ɗin awo na uwargida, tunda ɗinki take yi, na ɗauki darduma, na riƙe hannun ɗana muka nufi Oshodi, wani lungu da ake sayar da kayan tokunbo. Mai shagon Inyamuri ne, mutum mai haƙuri. Ya nuna mini iri huɗu. Akwai irin kifaffiyar ƙwaryar nan, wanda iska ba ta cika kamawa ba amma babu wurin tsayuwa. Akwai dogo mai kama da an raba ganga biyu an kwantar, shi sai an ɗaure shi tamau gaba da baya kafin ya tsaya. Sai mai siffar ɗaki, bangonsa a miƙe. Akwai kuma wani na yadin auduga mai kauri irin na soja, wanda ya fi sanyi da rana, amma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, kuma a laimar Legas in aka naɗe shi da danshi sai funfuna ta cinye shi. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfina.

Na ce sai an kafa mai siffar ɗakin na gani. Ya ɗan yi jim, na ba yaransa naira 2,000 suka kafa a bayan shago. Na cire takalmi na shiga, na auna: tsawo ƙafa 14, faɗi ƙafa 10, tsakiyar rufi ƙafa 6 da inci 7. A jakarsa an rubuta mutum 10. Na shimfiɗa darduma a kusurwa, ba a tsakiya ba, don a kusurwa ake gane gaskiyar tanti. Na tsaya na ɗaga hannu kamar zan yi kabbara, na yi ruku'u, na kai goshi ƙasa, babu inda na taɓa. Mai shagon yana tsaye yana kallo, ya ce da ni bai taɓa ganin an gwada tanti haka ba.

Sauran dubawar ta ɗauke mu kusan awa guda. Yana da labule mai zif da ke raba shi ɗaki biyu, kowane ɗaki da ƙofarsa, don kada mai fita da dare ya tsallaka kan wani. Tagoginsa shida duk da ragar sauro, na sa ɗana ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman huda. Saman ma raga ce, sai wata rufa ta daban da ake yafawa a kai saboda ruwa. Ƙasansa leda ce mai kauri da ta ɗan hau bango kamar baho, ruwa mai gudu a ƙasa ba zai sami ɗinkin da zai bi ba. Na juya rufar na ga an manna wani siririn tef a kan duk ɗinkin, domin ta ramin allura ruwa ke fara shiga. A takardar da ke ɗinke a ciki an rubuta milimita 2,000. Ma'anarsa yadin zai riƙe ruwan da aka tsayar a kansa a cikin bututu har tsayin mita biyu kafin ya fara tsattsafowa. Abin da bai kai 1,500 ba kada a tare ruwan Legas da shi. Ƙafafunsa ƙarfe ne, sandunan rufi kuma faiba, na tanƙwara kowace a hankali ina duba tsaga. Daga ƙarshe na shinshina cikin yadin na shafa. Tantin tokunbo in ya daɗe a ajiye, maganin da aka shafa masa don hana ruwa yakan ruɓe, ya yi danƙo a hannu, ya riƙa wani tsami. Irin wannan ko kyauta aka ba ka ba shi da amfani. Wannan kam lafiya lau yake.

Ya ce naira 260,000, muka yi ta ja har muka tsaya a 190,000. Na ƙara tampol ɗin shimfiɗawa a ƙasa da ƙullin igiya.

Ranar Talata muka tashi, da gangan, don Asabar da Lahadi bakin teku na masu kiɗa ne. Bayan sallar asuba muka yi lodi. Jakar tantin ta kai kilo 20, ita muka sa ƙarshe don ita za a fara saukewa. Jarka biyu na ruwan sha, tukunyar gas, kula, fanka da fitila masu caji, burodin Agege guda huɗu, dambun nama da uwargida ta kwana tana yi. Katifu muka naɗe muka ɗaure a sama. Muka bi Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, muka faɗa babban titin Badagry a Iyana Iba kusa da jami'ar jihar Legas. A Alaba Rago na tsaya wajen wani ɗan garinmu na karɓi albasa da attaruhu, ya leƙo ya durƙusa ya gaida Inna, ya ƙi karɓar ko kwabo. Wannan titin tun 2009 aka fara aikin faɗaɗa shi zuwa layi goma. Inda aka gama, mota gudu take kamar ba Legas ba.

Daga Agbara shingaye suka fara. Hanyar kan iyaka ce, ita ke kai mutum Seme ya shiga Jamhuriyar Benin, don haka akwai kwastan, akwai 'yan sanda, akwai jami'an shige da fice da sojoji. Ɗana ya fara ƙirgawa, da ya wuce goma ya bari. Mai tafiya wajen iyaka fetur ake nema a motarsa, mai dawowa shinkafa, kuma Sienna shaƙe da kaya da jarkoki ba ta wucewa ba a duba ba. A gadar Gbaji, bayan an wuce garin Badagry, aka ce mu gangara gefe. Jami'in ya buɗe jarka ya shinshina, ya ɗora hannu a kan doguwar jakar ya tambaya mece ce. Na zuge masa zif, sanduna suka bayyana. Yana jin Inna tana yi wa Auta magana sai ya juya harshe: "Ashe na gida ne. Sannu Hajiya, an zo lafiya? Ina zuwa haka da ɗaki a jaka?" Ta ce, "Teku za a kai ni gani, ɗan nan." Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, amma kada a bar yara su shiga ruwan ko da iya gwiwa ne, domin yana ja. Wannan gargaɗin sau uku na ji shi a ranar daga bakin mutum uku.

Wurin da na shirya da su ta waya wata gonar kwakwa ce da aka kewaye, da famfo da banɗaki biyu, gabanta kuma yashi har ruwa. Naira 5,000 kowane babba a kwana, yara rabi. Maigadin wurin wani dattijon Buzu ne mutumin wajen Agadas, da rawaninsa da 'yar butar shayinsa a kan gawayi. Allah ne Ya haɗa mu da shi.

Na zaɓi inuwar wasu kwakwa uku na fara shimfiɗa tampol. Ya taso a hankali ya yi sallama, ya nuna sama da baki. Na ɗaga kai na ga 'ya'yan kwakwa cunkus saitin inda kan Inna zai kasance. Muka matsa fili. Ya kai ni ya nuna mini layin da ruwa ya tara shara da ɓawon katantanwa a daren jiya, ya ce mu ja baya sosai daga nan. Ya ce gajeren bangon za a ba teku, don iskar da ke tasowa daga ruwa da rana kada ta sami faffaɗan wurin duka. Ya naɗe bakin tampol ɗin ya tura shi ƙarƙashi, ya ce duk abin da ya leƙo waje tara ruwan sama zai yi ya kai shi ƙarƙashin masu barci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni da ɗana muka riƙe ƙafafu biyu, uwargida da babbar 'yarmu biyu, Auta tana miƙo turaku. Cikin minti 25 ya miƙe. Amma turakun da suka zo da shi siraran ƙarfe ne, na kafa ɗaya na ja igiya sai ya zaro kamar an zare tsinke daga tuwo. Dattijon ya shiga ɗakinsa ya fito da tsofaffin buhuna. Muka cika kowane da yashi rabi, muka ɗaure igiya a tsakiyarsa, muka haƙa rami kamar kamu ɗaya muka binne muka tattake. Na rataya nauyina a igiyar, ko motsi. Takwas muka binne, sai ya sa muka ƙara biyu a bangon gabas. Na ce ai iskar daga kudu take zuwa. Ya ce, "Malam, wannan iskar wasa ce. Hadari ko a nan daga gabas yake tasowa, kamar a gida." Ya gaya wa Inna cewa a wajensu tanti na mace ne, da shi ake kai ta gidan miji, in zama ya ƙare ta naɗe abinta. Inna ta ce to wannan ma nata ne, mu 'yan rakiya ne.

Ɗakin ciki Inna da uwargida da 'yan matan biyu, katifa uku, ga hanya a tsakani. Na waje ni da ɗana da jakunkuna, sauran wurin kuma muka bar shi fili, muka shimfiɗa darduma muka daidaita alƙibla, gabas an ɗan karkata arewa. Da ba don labulen nan ba, da ban san yadda zan yi da umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma ba. Labulen dai ba bango ba ne, ana jin magana. Uwargida ce kuma ta lura da wani abu da magariba: in fitila na kunne a ciki, wanda ke waje yana ganin inuwar mutum ɓaro-ɓaro a jikin yadin. Sai ta rataya zannuwa biyu ta ciki, in za a sauya kaya kuma a kashe fitila.

Da la'asar sakaliya na kai Inna bakin ruwa. Ta cire takalmi ta riƙe damtsena. Tun daga nesa ta yi shiru. Igiyar ruwa ta zo ta fashe, kumfa ya gudu ya rufe mata idon sawu, da zai koma sai ya riƙa janye yashin da ke ƙarƙashin tafinta, na ji ta ƙara damƙe ni. Ta duƙa ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Tabarakallah. Duk wannan gishiri ne?" Ta daɗe tana neman tsallake da ido, idon da aka yi wa aiki wata biyu da suka wuce. Ta ce dam ɗin Mairuwa da take ganin ya kai ruwa, ashe cikin cokali ne. Sannan ta tambaya ko ana alwala da shi. Na ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A nan ta yi alwalar magariba.

Masuntan wurin 'yan ƙabilar Egun ne, muka tarar suna jan wata doguwar koma su fiye da ashirin. Na sayi kifi na naira 6,000, kwakwa ɗanya kuma 500 kowace, a fasa maka ka sha ka kankare. Iska na kashe wutar gas, sai na ce a matso da tukunyar bakin ƙofar tanti. Inna ta ce a'a da wata irin murya da ban saba ji ba. Ta yi aikin hajji a 1997, shekarar da gobara ta tashi a tantunan Mina ta ci mutum fiye da 300, daga wajen girki ta fara, iska ta kwashe ta. Ta ce ta ga yadda yadi ke kamawa kafin mutum ya ɗauki takalminsa. Bayan wannan ne Saudiyya ta kafa tantunan da wuta ba ta ci. Namu kuwa roba ne, narkewa yake ya ɗiga a jiki. Ban da haka, wuta a rufaffen wuri tana fitar da iskar guba marar wari, irin ta janareta da ke kashe iyali a cikin barci. Muka kai girkin bayan mota, ko maganin sauro mai hayaƙi ba a shiga da shi ba.

Daren farko na rufe duk tagogi don kada sanyin teku ya kama Inna. Wajen ƙarfe ɗaya na farka jiƙe da gumi, ruwa na ɗiga mini a fuska alhali sama tas take da taurari. Tururin numfashinmu ne mu shida ya taru a jikin rufin. Na bi na buɗe tagogin na bar raga kawai, iska ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, kafin minti goma numfashin yara ya daidaita. A ƙasa mai zafi irin tamu, yawan taga ya fi kaurin yadi amfani. Da asuba na ja su sallah a ciki, ɗana a damana, mata a baya, Inna a tsaye a kan ƙafafunta.

Laraba muka bar wa dattijon amanar kaya muka shiga gari. Mun ga benen da aka gama a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Na gaya wa yara cewa daga wannan garin Baturen nan Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825 har ya kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya mutu a 1827. Yanzu kuma titin da aka ƙaddamar a Illela a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, a nan ake so ya ƙare. Ashe tsakaninmu da Badagry ba yau ba ne.

Inda ya tsaya mini a rai shi ne gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne aka kai shi Brazil, ya dawo ya shiga cinikin, ya rasu a 1919. Mai zagayawa da baƙi ya shigar da mu wani ɗan ɗaki mai ƙaramar taga can sama. Ya ce irinsa 40 ne a gidan, kowane ƙafa 9 ne tsawo da faɗi, kuma mutum 40 ake zubawa a ciki su jira jirgi. Mu shida da shi muka tsaya, iskar ɗakin har ta fara yi mana kaɗan. Ɗana, wanda ya riƙe mini tef a Oshodi, ya matso ya ce a hankali, "Abba, namu murabba'in ƙafa 140 ne mu shida. Wannan 81 ne." Ban iya ba shi amsa ba. A cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar teku akwai Hausawa da yawa. A Bahia ta Brazil an kama bayi Hausawa suna shirin tawaye a 1807, a 1835 kuma Musulmin birnin Salvador suka tashi cikin watan azumi, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Inna ta dafa bangon ɗakin ta yi addu'a mai tsawo. Tsibirin Gberefu da ake tsallakawa da kwale-kwale a taka har inda jirage ke tsayawa, daga gaɓa muka hango shi, gwiwar Inna ba za ta iya ba.

Daren Laraba wajen ƙarfe biyu iska ta ɗauke ɗif. Sai na ji sallamar dattijon a waje: "Malam, tashi, ga shi nan." Gabas ta yi baƙi ƙirin, walƙiya na tsaga ta. Ya ce in juyo da mota in tsayar da ita a jikin bangon gabas ta zama kariya. Ina kashe ta iskar ta iso. Bangon nan miƙaƙƙe da na yi ta murna da shi a kasuwa, shi ya zama abin da iska ta samu ta kama. Ya lotso ciki har yana taɓa katifar ɗana, ƙarafa na ƙara, Auta ta fashe da kuka. Da tsawa ta matso na kwashe su duka na sa a mota, domin tanti ba ya kare mutum daga aradu, rufaffiyar mota kuwa tana karewa. Ni da dattijon muka zagaya cikin ruwa muna ƙara ɗaure igiyoyi, sannan na ja shi muka shiga motar mu ma. Muna zaune mu bakwai, gilashi ya yi hazo, Inna na ta salati, duk walƙiyar da aka yi sai mu ga tantin ya rusuna ya sake miƙewa. Na ji wata ƙara ƙas, na san sanda ta tafi. Buhuna goman nan ko ɗaya bai fito ba.

Kamar minti 40 aka yi iska ta faɗi, ruwa ya koma yayyafi. Muka shiga da fitila. Ƙasa a bushe, katifun mata a bushe. Tagar gabas ce kawai ta jiƙa mana jaka ɗaya, saboda rufar saman tantinmu iyakarta kan tagogi, ba ta sauka har ƙasa ba, ruwan kuwa a kwance iska ta riƙa jifa da shi. Wannan shi ne abin da ban duba ba a Oshodi, kuma wanda zai saya a bayana ya nemi mai rufa har ƙasa in da damina zai fita. Sandar faiba ɗaya ta tsage a rufi, muka ɗora mata turken ƙarfe muka naɗe da igiya kamar ɗorin karaya. Ko da na ga abin da iska ta yi masa, da za a mayar da ni shagon nan mai siffar ɗakin zan sake ɗauka. Hadari minti 40 ya yi, tsayuwa da sallah da sutura kuwa kwana biyu muka yi muna morarsu. Igiya da buhu ne dai ba a yi musu rowa.

Da safe rana ta fito fes. Muka bar shi ya sha iska har hantsi, yara suka share yashi, na wanke zif da ƙarafa da ruwan famfo don gishirin teku tsatsa yake sa su. Na ba dattijon abin da ya sauwaƙa, ya ƙi, sai da Inna ta ce, "Karɓi, Malam, na sukarin shayi ne." Ya cika mana gilashi uku-uku kafin ya bar mu mu tafi. A dawowa shingaye sun fi tsanani, sau huɗu aka sa na sauke jakar tantin a taɓa a ji ba shinkafa ba ce. Mun shiga Agege ana kiran la'asar. Ban da kuɗin tantin, tafiyar ta ci mini kusan naira 110,000 da mai da wurin kwana da abinci da kuɗin shiga wuraren tarihi.

Na sake baza shi a tsakar gida wuni guda ya bushe ƙarau kafin a naɗe, na sami sabuwar sanda a wajen mai shagon. Mako guda bayan haka na kai Inna tasha. A cikin kayanta akwai gorar ruwan teku da ta ɗebo za ta kai wa ƙawayenta su ɗanɗana. Har ta zauna a mota ta leƙo ta ce, "In za ku zo babbar Sallah ka taho mini da ɗakina. Gidan cika yake da baƙi, a kafa shi a gindin darbejiya."